Karan masara ya ƙi ruɓewa, ina na yi kuskure?

Sabon_Manomi: Salam jama'a. Bana na ce ba zan ƙona karan masara ba, na tara shi gefen gona wai ya zama taki, yau wata 2 kenan na je na tona wallahi yana nan yadda na zuba shi, ko launi bai canza ba. Wani ya ce sai na sayi ƙwayoyin halittar nan masu ruɓar da kara da ake sayarwa a kwalba na zuba. Da gaske ne ko dai cin kuɗi ne?

Dattijon_Gona: Wa'alaikumussalam. Ɗana ka sassara karan kuwa? Ka jiƙa shi? In dogo ka zuba kuma a bushe ai ajiya ka yi. Su ƙwayoyin suna nan cikin ƙasar gonarka kyauta, bakteriya da funfuna, yunwa da ƙishi ne suka hana su aiki. Kara yana da sinadarin kabon da yawa amma sinadarin nitirojin kaɗan ne a cikinsa, su kuma a abincinsu suna son wajen kashi 30 na kabon a kan 1 na nitirojin, shi ya sa ake haɗawa da kashin kaji ko na shanu ko ɗanyen ganye. Sassara shi kamar tsawon yatsa, shimfiɗa kara, zuba kashi, barbaɗa ƙasa, yayyafa ruwa, haka haka har tsibin ya kai mita 1. Damƙi ka matse, in ya jiƙa maka hannu ba ya zuba to ruwan ya yi.

Sabon_Manomi: Kai Baba ko ɗigon ruwa ban sa ba 😅

Yar_Lambu: Ni na gwada na kwalbar, irin mai Trichoderma (wani nau'in funfuna ne), yana ɗan taimakawa a kan kara mai tauri amma ba ya gyara busasshen tsibi. Abin da ya ba ni wahala juyawa ne, na yi lalaci na bar nawa ya sha ruwa ya danƙare, ranar da na buɗe warin ruɓaɓɓen ƙwai ya kore ni, ashe iska ce ba ta shiga. Yanzu duk sati 2 nake juyawa. Ka soka ƙarfe a tsakiya bayan kwana 3, in ka zaro da zafi suna aiki, yakan kai digiri 55 zuwa 65, zafin ne ma ke kashe irin ciyawa. Kuma in ka ga fari-fari kamar zare kar ka tsorata, su ne.

Dattijon_Gona: Gaskiyarki. Sai dai kar ya labta toka da yawa, tana sa nitirojin ya gudu. In ya yi baƙi yana ƙamshin ƙasar da ruwan sama ya taɓa, ya nuna.

Sabon_Manomi: Na gode ƙwarai, gobe da adda zan fita. Totuwa fa, ita ma in zuba?