Shawarwari kan haɗa na'urori da kwakwalwar AM335x

A wata tattaunawa da aka yi kan kwakwalwar AM335x ta kamfanin Texas Instruments, wadda ke cikin allon ƙaramar kwamfutar BeagleBone Black, mahalarta sun fi dagewa a kan abu guda: kada a taɓa sashen I2C, SPI ko UART (hanyoyin da kwakwalwar ke musayar bayanai da wasu na'urori) sai an kunna agogonsa, wato siginar da ke tafiyar da aikin sashen, in ba haka ba manhajar za ta tsaya cik. Sun kuma tunatar cewa ƙafa ɗaya ta kwakwalwar, wato fil ɗin da ake haɗa waya da shi, tana iya ɗaukar ayyuka har 8, saboda haka wajibi ne a zaɓa mata aiki tun farko, kuma kada a ba ta wutar da ta haura bolt 3.3. Game da I2C kuwa, an ce a fara da gudun kilohaz 100 kafin a hau 400, shawarar da nake ganin ta fi amfani idan wayoyin suna da tsawo.