Yarona ya nace sai ya ajiye maciji mai kacau-kacau a gida

Baban Khalil:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, amma daga bakin wanda ya gani da idonsa. Shekararmu tara a Tuson, jihar Arizona. Babban ɗana mai shekara 19 ya haɗu da wasu abokai masu kiwon macizai, yanzu ya tasa ni gaba wai sai na bar shi ya ajiye ɗaya a gareji. Ba mesa ba fa, mai dafin nan da Turawa ke kira ratilsinek, mai kacau-kacau a wutsiya. Hujjarsa wai iri 13 ne a jihar nan, ko ba ka ajiye ba suna bayan gidanka, gara wanda ka san inda yake kwana. Uwarsa ta ce ranar da abin ya shigo, ranar za ta fita. Ni kuma ba na son in ce a'a kawai, don yaran nan in ka hana su ba hujja sai su yi a ɓoye. Akwai ƙannensa biyu a gidan, autar shekararta 4.

Maman Hanif:
Wa alaikumus salam, Baban Khalil. Ni nas ce, shekara shida ina sashen gaggawa a wani asibiti a Teksas. An kawo mana masu sara da dama, amma akwai ɗaya da ya ƙi fita raina. Saurayi ne sa'an ɗanka, shekara uku yana kiwon nasa lafiya ƙalau. Ran nan ya buɗe akwatin zai canza ruwan sha, ya ga abin a naɗe can kusurwa kamar mai barci, sai ya sa hannu maimakon ƙugiyar da ake ɗaga maciji da ita. Ya ce ko kacau ɗin bai ji ba. A gindin babban yatsa ya same shi, huda biyu 'yan mitsi-mitsi kamar sukar ƙaya.

Kafin a iso da shi hannun ya fara hawa, zoben da ke yatsansa ma sai yanke shi muka yi. Mukan ja layi da alƙalami a bakin kumburin, mu rubuta lokaci a gefe, in mun dawo mu tarar ya ƙetare. Haka muka yi ta zane a hannun yaron nan har kafaɗa. Jini ya ƙi daskarewa, dasashi na tsattsafowa, yana ta cewa ɗanɗanon ƙarfe yake ji a baki.

Maganin dafin iri biyu ne a Amurka. CroFab, wanda ake yi daga jinin tumaki, da kwalba 4 zuwa 6 ake farawa. Anavip, na jinin dawaki, da kwalba 10. Farawa na ce, don sau da yawa sai an ƙara. Kwalbar CroFab ɗaya ta haura dala 3,000 tun kafin asibiti ya ɗora nasa. A 2015 wani mutum a San Diyego takardar dala 153,000 aka miƙa masa.

Na san ɗanka zai kawo maka lissafin CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, cewa mutum 7,000 zuwa 8,000 macizai masu dafi ke sara a shekara a ƙasar nan, kuma wajen biyar kaɗai ke mutuwa. Gaskiya ne, amma asibiti ne ya rage adadin, dafin yana nan yadda yake. Yaron namu ya tashi, sai dai yatsan ba ya lanƙwasuwa. Abin da ya fi tsaya min shi ne tambayar da aka yi wa uwarsa a baranda: yanzu ina macijin yake? Sai ta riƙe baki. A ruɗewar fitowa, a buɗe suka bar akwatin, ga kakar yaron ita kaɗai a gida.

Ɗan Damagaram:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma a yi wa masu abin adalci, ba duka ne 'yan ganganci ba. Na yi kusan shekara biyu ina zuwa taya wani dattijo aiki duk ƙarshen mako a Fulorida, mai lasisi ne. A jihar ba a ba ka izinin ajiye mai dafi sai ka nuna shaidar awa 1,000 ta aiki da irinsu. Ni ma da niyyar tara awannin na fara.

Ɗaki guda ya ware musu, ba a cikin gidan kwana ba, an toshe ƙasan ƙofa yadda ko ƙadangare ba zai wuce ba. Kowane akwati da kwaɗonsa da takarda mai sunan abin da ke ciki. A bayan ƙofa an manna sunan asibitin da ke da magani da hanyar zuwa. Ba ya shiga shi kaɗai, ba ya shiga in bai yi barci ba, ba ya shiga in ransa a ɓace yake. In za a share akwati, akwai ƙaramin akwatin ɓuya a ciki. Sai a jira macijin ya shige da kansa, a ja murfin da ƙugiya daga nesa, a sa sakata, sannan a sa hannu. Wani lokaci mu yi minti 40 a tsaye muna jiran ya ga dama. Ɓeran da ake ba su daga firiza yake fitowa, a narkar, a ɗuma shi, a miƙa da dogon matsefi. Ɗumin ne ke jawo shi, don yana da wasu ramuka tsakanin ido da hanci da yake jin zafin jiki da su ko a duhu. To hannunka ma ɗumi gare shi.

Dattijon ya ce min bai taɓa riƙe ko ɗaya da hannu ba. Na tambaye shi ko sun san shi, ya yi dariya ya ce wanda ya shekara 15 a wurinsa zai sare shi kamar yadda zai sari baƙo. Ba kare ba ne, ba ya sabo.

Yaya, ka tambayi Khalil wannan: abin nan yakan kai shekara 20 a akwati. In ya tafi jami'a wata jiha, ko ya yi aure, ko ya zo tafiya gida hutu, wa zai ba shi ruwa? Kai? Ni dai ban kai awa 1,000 ɗin ba. Na fara atishawa da ƙaiƙayin ido duk ranar shara, likita ya ce busasshen dafin da nake shaƙa ne jikina ya fara ƙi, kuma mai irin wannan in an sare shi numfashi na iya ɗaukewa tun kafin dafin ya yi nasa aikin. Ranar na ajiye ƙugiya.

Kawu Direba:
Ni babbar mota nake ja, na ratsa Teksas ba adadi. Wata shekara a watan Maris na faɗa garin Suwitwota ana bikin kamun macizan nan, wanda suke yi tun 1958. Na leƙa ramin da suke zuba su, ƙarar kacau ɗin kamar ana soya abu a ƙaton kasko. Ban gama lemon da na saya ba na koma mota. Mu a gida cewa muke an kashe maciji ba a sare kansa ba, to wannan ko an sare ba a gama ba. A 2018 kusa da Kofus Kiristi wani ya datse kan ɗaya da shebur, ya sunkuya zai ɗauke kan, kan ya sare shi. Kwalba 26 aka yi masa.

Sabon Zuwa:
Don Allah iyayena ku yi haƙuri da tambayar yaro. Me zai hana a cire masa haƙora ko jakar dafin, kamar yadda ake cewa gardawa na yi? Sai kowa ya huta.

Malamin Gombe:
Ɗana, haƙoran sake fitowa suke yi, akwai na jiran gado a bayan kowanne. Jakar dafin kuma in an yi aikin an bar ɗan guntu, tana iya komawa aiki, ga azabtar da dabba a banza. Mafi muni, mai shi ya saki jiki. Ina yaro akwai gardin da ke zuwa kasuwarmu da gamsheƙa a ƙwarya, yana rataya ta a wuya muna tafi. Wata damina aka daina ganinsa. Da muka tambaya aka ce ai abin wasansa ne ya taɓa shi.

Abin da ya sa na sa baki shi ne na ji wasu samari a gida sun fara sha'awar macizan waje don hoto. Ƙanina kububuwa ta sare shi a gonar dawa, muka kai shi asibitin masu saran maciji na Kaltungo, aka yi masa EchiTAb, Allah ya tashi kafaɗunsa. Amma wannan maganin don macizanmu aka yi shi, kububuwa da kasa da gamsheƙa. Mai kacau-kacau a nahiyar Amurka kaɗai yake, maganinsa daban. Wanda ya shigo da shi Kano ko Yamai ya ajiye, ya ɗauko abin da likitan garinsu ba shi da allurarsa. Manominmu dole ce ta kai shi inda kububuwa take. Shi kuma wannan kuɗi zai sa ya sayo.

Maman Hanif:
Tunda Malam ya ambaci gida, bari in ƙara, don kuna Arizona ko ba kiwo ana iya gamuwa. Kada a ɗaure da tsumma, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a sa ƙanƙara. A cire zobe da agogo, a kira motar asibiti. Kuma kada wani ya tsaya farautar macijin wai likita ya gani, magungunan nan biyu kowanne yana aiki a kan dukkan masu kacau ɗin ƙasar nan.

Inna Hiyustan:
Ni maƙwabciya ce kawai, ba wanda ya yi shawara da ni. Yaron da ke saman benenmu ashe yana da ɗaya a ɓoye. Wata asuba aka ƙwanƙwasa mana ƙofa, wai kowa ya kula, ya fita daga akwati. Kwana uku jikokina a kan gado suke cin abinci, ni kuma ko sallaya zan ɗauka sai na zungure ta da sandar mofa. A bayan injin wanki aka same shi, a ɗakin wankin da duk gidan ke shiga. An kori yaron daga hayar. Baban Khalil, ka duba dokar gari da takardar inshorar gidanka, ba ta jiha kaɗai ba. Har yau ba na sa takalmi sai na kakkaɓe.

Baban Khalil:
Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha'i na zaunar da shi, na miƙa masa wayar ya karanta da kansa. Ya yi gardama a kan lissafin CDC kamar yadda Hajiya ta ce zai yi. Maganar akwatin da aka bari a buɗe ce ta sa ya yi shiru. Bai ce ya haƙura ba. Mun tsaya a kan zai nemi masu kwashe macizai daga gidajen mutane ya riƙa bin su yana koyo, amma ba abin da zai shigo gidan nan muddin ƙannensa na ciki.

Sai a nan ya faɗa min ashe ya riga ya sayi akwatin gilas ɗin tun makon jiya, yana gareji an rufa masa bargo. Na je na duba da tocila, gabana na faɗuwa. Ba komai a ciki. Na karɓe makullin. Da safen nan autar ta gan shi, tana ta roƙo wai a zuba mata kifi.