Horon hana cin zarafi a wurin aiki ya tsaya mini a kashi na huɗu

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni shugabar sashe ce a wata ƙungiya nan Damagaram. An wajabta wa shugabannin sassa yin horo ta intanet kan hana cin zarafin ma'aikata, musamman matsa wa mata da neman lalata, abin da dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta haramta. Sai ƙarshen wata za a karɓi takardar shaida, kuma lokaci ya ƙure.

Kashi uku na farko sun wuce lafiya. Na huɗu, wanda ke koyar da yadda ake karɓar ƙorafi cikin sirri, shi ne ya ƙi. Bidiyon yana kaiwa ƙarshe, amma alamar kammalawa ba ta zama kore, maɓallin jarrabawa kuma ya dushe, ba ya dannuwa. In na sake shiga, sai ya maido ni farko.

Na gwada Chrome da Firefox, na goge tarihin bincike, na bar kwamfutar ofis na koma salula, har da tsakar dare lokacin da rezo ya fi ƙarfi. Na rubuta wa masu shafin, shiru. Abin ya dame ni, don wannan kashin na fi buƙata: akwai ƙorafi a gabana yanzu haka.

Don Allah, me zan yi shafin ya lissafa cewa na gama bidiyon, jarrabawar ta buɗe?