Daga Marakesh zuwa Sawira a bas: wace tasha, kuma ya batun kaya?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum. Za mu je Maroko ni da mahaifiyata, muna son leƙa Sawira, tsohon garin nan mai ganuwa a bakin teku. Daga Marakesh akwai jirgin ƙasa ko sai bas? Ana iya zuwa a dawo a yini guda? Hajiya ba ta jure doguwar tafiya a ƙafa.

Baban_Khalifa:
Wa alaikumus salam, Malama. Layin dogo bai kai Sawira ba, sai mota. Nisan wajen kilomita 180 ne, tafiyar kusan awa uku, har da tsayawar minti 15 zuwa 20 a hanya don shan shayi da kama ruwa. Kamfanoni biyu ne za ki nema: Supratours, wanda ke ƙarƙashin hukumar jiragen ƙasa, tasharsa tana jikin tashar jirgin Marakesh, sai kuma CTM. Duka biyun kujera da lamba, akwai na'urar sanyaya iska, kuma suna tashi kan lokaci ko motar ba ta cika ba. A allo da tikiti za ki ga an rubuta sunan garin Essaouira.

A babbar tashar motocin Marakesh ta Bab Dukkala akwai motoci masu araha, amma ban ba ki shawararsu ba tunda da Hajiya. Ƴan kamasho za su yanyame ku tun daga ƙofa, direba kuma yana tsayawa ɗibar fasinja a kowane ƙauye, sai tafiyar ta kai awa huɗu. Ki yanki tikitin dawowa tare da na tafiya, domin motocin yamma su ke fara cika.

Maman_Yusra:
Ƙari a kan bayanin Malam, ƴar'uwa: tikitin kujera daban, na kaya daban. Duk jakar da za ta shiga but sai an biya mata ƴan dirhami an manna mata lamba, a ba ki ɓarin takardar. Nan mutane ke tuntuɓe. Mutum ya zo saura minti biyar, mai lodi ya ƙi karɓar jakar, ya koma layi, motar kuwa ba ta jira. Ku isa da rabin awa a hannu.

A Sawira, Supratours tana saukewa kusa da ƙofar da ake kira Bab Marakesh, dab da ganuwa. Mota ba ta shiga tsohon gari, masu amalanke ne ke tura kaya zuwa masauki, to a yi ciniki kafin a ɗora. Garin shimfiɗe yake ba hawa, manyan titunansa miƙaƙƙu, Hajiya za ta ji sauƙinsa. Ki dai zaɓi masauki kusa da ƙofa, ki roƙi ɗakin ƙasa, don yawancin gidajen ciki matakala ce ƙunci mai tsayi.

Abu_Sadiq:
Zuwa da dawowa a yini yana yiwuwa, amma ina ganin wahala ce ga dattijuwa: awa shida a zaune, abin da ya rage kuma ya faɗo daidai lokacin iska. Iskar garin tana ƙarfi bayan azahar, musamman daga Yuni zuwa Agusta, tana watsa rairayi a fuska, ruwan tekun ma sanyi gare shi. Ku riƙe rigar sanyi ko da Marakesh na ƙuna.

In kun kwana, da safe ku hau badalar da ke kallon teku inda igogin tagulla suke jere, sannan ku gangara tashar masunta ku ga kwale-kwale masu shuɗin fenti. Sarkin Maroko Sidi Muhammad bin Abdullah ne ya gina garin a shekarun 1760, ya mai da shi mashigar fataucin da ke zuwa daga Timbuktu, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Idan tafiyarku ta zo daidai da bikin kiɗan gargajiya na Gnawa, wanda galibi ake yi a Yuni, ku kama kujera da ɗaki tun da makonni.