Na yi ritaya, ina son kai babur ɗina bakin Tekun Aktik: Yuni ko Agusta?

Tsohon Malami:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙarshen watan jiya na ajiye aiki, shekaruna 66 cif. Alkawarin da na daɗe ina yi wa kaina shi ne in hau babur daga Edmonton har Tuktoyaktuk da ke can arewacin Kanada, in tsoma ƙafa a Tekun Aktik in juyo. Babur kam ina da shi, Suzuki V-Strom 650, shekara shida muna tare, ba na neman wani. Lissafina: wajen kilomita 2,000 zuwa Whitehorse, 500 da 'yan kai zuwa Dawson City, sai hanyar Dempster ta tsakuwa kusan kilomita 740 zuwa Inuvik, sannan 138 na ƙarshe. Mako biyar na ware, kuma ni kaɗai zan tafi.

Tambayata biyu ce kawai. Tsakiyar Yuni ya fi, ko farkon Agusta? Sannan tayoyi: in sa sabbi tun daga gida su ci kwalta kilomita 2,500 kafin tsakuwa, ko in bari sai Whitehorse? Wanda ya bi hanyar a kan babur nake son ji daga bakinsa.

Mai Babban Tanki:
Wa'alaikumussalam Malam, Allah ya sanya alheri a hutun. Shawarata ka sayar da wannan ka ɗauki BMW GS Adventure. Tankinsa lita 30. Daga bakin hanyar Dempster zuwa Eagle Plains kilomita 369 ne babu gidan mai ko ɗaya, lita 20 ɗinka sai dai ka isa kana addu'a.

Tsohon Malami:
Amin, na gode. Amma na ce ba na neman wani babur.

Bakanike:
Ƙyale shi Baba. Jarkar lita biyar ta raba gardama. Abin da ba ya gaya maka shi ne nauyin wancan dokin: ya haura kilo 260 kafin a ɗora masa tanti da akwati. Ka fita bayan gida yau, ka loda wa naka kaya kamar yadda za ka tafi, ka kwantar da shi a ƙasa ka tayar, sau uku. In ka iya, sai mu yi maganar taya.

Ɗan Fairbanks:
Me ya kai ka Dempster? Ka zo Alaska ka bi hanyar Dalton, mil 414 zuwa Deadhorse, wani ɓangaren ma da kwalta.

Bakanike:
Mutum ya ce teku yake so ya taɓa. A Deadhorse filin kamfanonin mai ne ya tare bakin teku, sai an zuba ka a motar 'yan yawon buɗe ido a kai ka. A Tuk kuwa, wato Tuktoyaktuk, tun da aka buɗe hanyar a 2017 har bakin ruwa za ka kai babur ɗinka.

Sarkin Zolaya:
Baba a dai duba taswira da tabarau. Dawson Creek daban, Dawson City daban. Kada ka isa ta farko ka turo mana hoto ka ce saura ƙiris.

Kafaɗa Ɗaya:
Malam, ban so in yi magana ba, amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Ni ma haka na yi, shekara uku ke nan, ina da 67. Tafiya ta yi kyau har na wuce Tombstone, duwatsun nan sai ka ce an feƙe su. Na kwana a Eagle Plains, na ɗauki hoto a allon da'irar Aktik, kilomita 405 daga bakin hanyar, na ƙetare kogin Peel da Mackenzie a jiragen fito, kyauta, na isa Tuk lafiya lau. A dawowa ne abin ya faru. Da dare aka yi ruwa. Da safe wani direban tirela ya ce min in zauna in sha shayi har gobe, ni kuma na ga yayyafi ne kawai, ga ɗakin da na biya a Dawson yana jirana. Kuɗin ɗakin nan nake jin ciwo, kun ji wautar.

Hanyar nan ana zuba mata wani irin gishiri don ya danne ƙura. Da rani ka ce siminti ce. Da ta sha ruwa sai ta koma kamar an shafa sabulu, lakar kuma ta manne tsakanin taya da madigadi har tayar gaba ta daina juyawa. Gudun kilomita 40 nake yi, wallahi ba fiye ba. Ban taka burki ba. Gaban babur ne kawai ya zame, sai ga ni a ƙasa, shi a kan ƙafata. Ƙashin kafaɗa ya karye, haƙarƙari uku. Waya babu sabis ko layi ɗaya. Na fi awa biyu a kwance sauro na walima a kaina kafin wasu mata da miji su zo a mota.

Jirgin sama aka ɗauke ni da shi. Ban san da wata matsala ba sai da takardar kuɗi ta iso ni a gida: dala dubu 19 da ɗoriya. Ashe katin lafiyar lardinmu yana biyan likita da gadon asibiti in kana wani lardin, amma jirgin ɗaukar marar lafiya naka ne. Na ce ai na yi inshorar tafiya. Kamfanin ya ce a'a, likitana ya canja min maganin hawan jini wata biyu kafin in tashi, don haka a wurinsu ciwona bai daidaita ba. Na ce da su jama'a, laka ce ta kayar da ni ba jini ba. Suka ce wa ya sani ko jiri ne ya ɗebe ni. Wata tara muna musayar takardu. Shi kuma babur, dala 3,400 na biya aka kawo shi Whitehorse, gishirin nan ya riga ya cinye sarƙa da faifan burki saboda ya yi mako uku ba a wanke ba. Na sayar da shi a wulaƙance. Har yau hannun nan ba ya ɗaguwa sama da kunne.

Tsohon Malami:
Subhanallahi. Allah ya ƙara sauƙi Alhaji, ya sa kaffara ce. Wane wata ne ka je?

Mai Babban Tanki:
Allah ya ƙara lafiya. Amma 3,400 an cuce ka. Abokina dala 900 ya ba wani mai tirela da ke komawa babu kaya.

Kafaɗa Ɗaya:
Ina gadon asibiti zan fita tsaron tirela?

Injiniya:
Ni da na tambaya kafin in tafi, sama da dubu biyar aka ce min daga can arewa. Don haka 3,400 ma sauƙi ne. Fetur kuma ku shirya, na sayi lita a Eagle Plains wajen dala 2 da kwabo 40.

Mai Babban Tanki:
Haba Injiniya, bai kai dala biyu ba lokacin da na je.

Injiniya:
Wace shekara?

Sarkin Zolaya:
Lokacin da Baba yake da baƙin gashi.

Bakanike:
Tsaya tukuna. Injiniya, ba da farar motarka mai ƙafa huɗu ka je ba? Mai tambaya ya ce wanda ya bi ta a kan babur.

Injiniya:
Da mota na je, kuma sau uku. Ni na ɗauko wani Bajamushe da tayarsa ta tsage bayan Eagle Plains, inda duwatsun suke da kaifi kamar reza. Faci bai yi masa amfani ba don gefe ne ya yage. Idon da ya ga babura biyar a kwance ai ya san wani abu. Kai sau nawa ka je?

Bakanike:
Sau ɗaya, kuma ban faɗi ba.

Kafaɗa Ɗaya:
Ka dace da rana ne ɗan'uwa. Wanda ya bi ta a bushe bai san Dempster ba, ƙanwarta ya gani.

Bakanike:
Da girmamawa Alhaji, kai da bakinka ka ce direba ya hana ka ka ƙi ji. Wannan ba laifin hanya ba ne. Mai mako biyar a hannu ba ya biyan ɗaki kwana uku gaba. In an yi ruwa ka zauna, ko kwana biyu ne. Baba, taya kuma: ka kira Whitehorse tun yanzu su ajiye maka gaba da baya masu manyan haƙora, lokacin bazara layi ake yi. Tsofaffin ka bar su can, in ka dawo a mayar maka. Ni dala 600 na kashe har da kuɗin aiki.

Ɗan Fairbanks:
600? Bara abokina 850 ya biya.

Maman Biyu:
Ku gafarce ni, ni ban taɓa hawa ba, amma ni ce na zauna a gida kwana goma sha ɗaya maigidana yana can. Baba, don Allah ka sayi ƙaramar na'urar nan mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, irin Garmin inReach. Kullum da yamma saƙo ɗaya yake turo min, na ga ɗigon inda yake a taswira, sai in yi barci. Ranar da bai turo ba sai da na tashi 'ya'yansa duka. Ashe barci ya kwashe shi, rana ta ƙi faɗuwa ya ɗauka la'asar ce alhali sha biyun dare ta wuce. Kuma kun tambayi Hajiyarsa me ta ce?

Tsohon Malami:
Hajiya ta ce in je in dawo ta huta da jin sunan Tuktoyaktuk, ko faɗarsa ba ta iya yi.

Alaramma:
Maman Biyu ta taɓo abin da ba wanda ya ambata. A Inuvik rana tana yin kwana hamsin da wani abu ba ta faɗi ba, daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli. In Yuni ka zaɓa, babu magariba babu asuba da ido zai gani. Malamai sun ce a ƙaddara da lokacin gari mafi kusa da dare da rana suke bambanta, wasu suka ce da na Makka. Akwai masallaci a garin, a Winnipeg aka gina shi, aka ɗauko shi a tirela sannan a jirgin ruwa ta kogin Mackenzie a 2010. Ka shiga ka tambaye su jadawalin da suke bi. Ga kuma sauƙin ƙasaru da jam'i ga matafiyi.

Sarkin Zolaya:
Masallaci guda ya kai Inuvik lafiya, Baba kuma da V-Strom ana ta tsorata shi.

Kafaɗa Ɗaya:
Masallacin ba ya shan maganin hawan jini.

Hajiya Akanta:
Alhaji, maganarka ta inshora ce ta tsaya min a rai. Mahaifina ba babur ba ma, ziyarar jikoki ya je wani lardin. Likita ya rage masa maganin sukari, ragewa fa, saboda ya samu sauƙi. Da ya kwanta a can suka ce an canja magani cikin kwana casa'in, ba za su biya ba. Wato samun sauƙi ma laifi ne.

Injiniya:
Nawa kwana 180 ne a rubuce. Ranar da na cika 65 kuɗin ya kusa ninkawa, ban ko yi mura ba.

Mai Babban Tanki:
Ni ta katin banki nake dogara, kyauta ce.

Hajiya Akanta:
Je ka karanta ƙananan rubutun Yaya. Da yawansu in ka haura 65 kwanakin da suke rufe ka raguwa suke yi zuwa 'yan kaɗan, wasu kuma sai in da katin ka biya tafiyar.

Tsohon Malami:
Na gode ƙwarai, na rubuta maganar taya da na'urar. Saura wata: Yuni ko Agusta?

Kafaɗa Ɗaya:
Hajiya, kun kai su ƙara wajen masu sauraron koke? Ni na kai, aka ce in kawo takardar likita ta shekara biyar baya. Likitan nawa kuma ya yi ritaya, wanda ya gaje shi ya ce sai na biya kuɗin kwafi, shafi-shafi.

Hajiya Akanta:
Nawa suka ce maka kowane shafi? Don mu abin da aka caje mu ba zai faɗu ba.