Daɓe bai yi sumul ba: kaushi ne ko tudu da kwari?

Mai Shago, Agege:
Salamu alaikum. Ana yi mini daɓen siminti a ɗaki biyu da banɗaki, daga baya za a sa tayil. Na ce wa birkila ƙasan bai yi sumul ba, ya ce ai haka ake so. Ni kuma ina ganin wani wuri ya ɗaga, wani ya lotsa. Me ake kiran wannan aibin, kuma yaya zan gwada kafin in biya cikon kuɗi?

Birkila, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kai da shi kowa da gaskiyarsa, abu biyu ne kuka haɗa. Kaushi shi ne abin da tafin hannu ke ji idan ka shafa, kishiyarsa sumul. Tudu da kwari kuwa hannu ba ya kama shi, sai an auna, kishiyarsa lebur ko bai ɗaya. Daɓe na iya yin sumul har yana sheƙi alhali ya lotsa a tsakiya.

A ƙarƙashin tayil kaushin ake nema, domin shi ne simintin liƙi ke kamawa. Idan aka goge daɓen da cokalin ƙarfe ya yi sulɓi, tayil ba ya zama da kyau, nan gaba in ka ƙwanƙwasa sai ka ji holoƙo. Shi ya sa ake gama shi da na katako. Amma tudu da kwari ba shi da uzuri. Samu miƙaƙƙen ƙarfe ko katako mai tsawon mita 2, ka kwantar da shi a kan daɓen ta tsawon ɗakin, ta faɗinsa, da kusurwa zuwa kusurwa, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinsa. Giɓin da ya wuce milimita 3 sai an gyara, musamman in manyan tayil ne, don gefensu zai riƙa tsere wa juna yana kama yatsan ƙafa. Ka zagaye wuraren da alli. Tudu a sassaƙe shi, kwari a fasa fuskarsa, a share ƙura, a jiƙa, a shafa ruwan siminti sannan a cike.

Mai Sa Tayil, Mile 12:
Ranka ya daɗe, banɗaki ka cire shi daga wannan lissafin. Can ba lebur ake so ba, gangara ake so, wajen santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ta nufi magudana. Zuba bokitin ruwa ka tsaya ka gani. Duk inda ya kwanta, kwari ne. Kuma kada a sa tayil mai ƙyalli a ƙasan, da ya ji ruwa da sabulu santsi yake yi. A zaɓi mai ɗan kaushi, mai ƙyallin a bar wa bango.

Mai Shago, Agege:
Na gode ƙwarai. To wani gefen in na murza da ƙafa yashi ke tashi. Shi ma kaushin da ake so ne?

Birkila, Idi-Araba:
A'a, wannan marmashewa ce, kuma ita ta fi damuna. Ko siminti ya yi kaɗan, ko ruwa ya yi yawa a kwaɓi, ko an bar shi ya bushe ba a ba shi ruwa ba. Kwaɓin daɓe awo 1 na siminti ne da 3 zuwa 4 na yashi mai kaushi, a kuma riƙa jiƙa shi safe da yamma har kwana 7. Rairayi mai laushi na filastar bango ne. A duba yashin ma, don a nan Legas wanda ake haƙowa daga ruwa yakan zo da gishiri ko laka. Gishiri ke fito da farin gari a fuskar siminti, laka kuma ke hana shi kamawa. Karci wurin da ƙusa: in ta bar ɗan zane kawai, ya yi ƙwari, in ta yi rami tana fitar da gari, a farfashe wannan gefen a sake zubawa kafin mai tayil ya shigo.