Tambaya: na yi wa fedar kuloci madogari, amma ribas na ƙara

Assalamu alaikum, 'yan uwa bakanikai. Fedar kulocin motata tana nitsewa har ƙasa, alhali tun daga tsakiya kulocin yake saki. A go-sulo ƙafata kan yi tsami sosai.

Sai na huda ƙasan wurin, na ɗaura dogon noti mai kaurin milimita 10, na liƙa masa guntun robar taya a kai don fedar ta riƙa tsayawa a nan. Giya ɗaya zuwa biyar suna shiga lafiya lau. Ribas kuwa, da na taɓa sai ƙarar haƙoran giya, har cikin raina nake jin ta. Na rage tsawon notin sau biyu, har yanzu ƙarar tana nan.

Don Allah, tazara nawa ya kamata in bari bayan inda kulocin yake saki? Ko iska ce ta shiga man kulocin?